Hannun da Ba a Gani a Maƙalar Kimiyya

Duk maƙalar kimiyyar da ka ɗauka, a saman shafin farko za ka ga sunayen waɗanda suka yi binciken, da jami'o'insu, da ranar da mujalla ta karɓi rubutun, da ranar da ta amince da shi. Amma akwai wanda ya bi wannan maƙala layi-layi, baƙi-baƙi, har da filin da ke tsakanin kalmomi, kuma ba za ka ga sunansa a ko'ina ba. Shi ne editan rubutu, mai tacewa.

Kafin rubutu ya iso teburinsa ya riga ya sha hannu. Babban edita ya duba, ya aika wa masana biyu ko uku na fannin, sun tsefe shi, marubuta sun gyara sun mayar, wani lokaci har sau uku, sannan aka rubuto musu cewa an karɓa. A wurinsu aiki ya ƙare ke nan. A wurin mai tacewa kuwa yanzu za a fara. Masu bita sun riga sun tambayi ko binciken yana da inganci. Tasa tambayar daban ce: baƙon da ke Zariya ko Alƙahira ko Tokyo, wanda bai san marubutan ba, kuma ba shi da hanyar tambayarsu, zai iya karanta wannan rubutu ya fahimci ma'ana ɗaya tak, har ya maimaita gwajin da hannunsa? Duk wata ƙa'ida ta salo, komai ƙanƙantarta, daga wannan tambaya ta tsiro.

Mu ɗauka mace ce, mu zauna kusa da ita mu ga yadda take yi.

Kayan aikinta ba su da yawa. Akwai littafin salo, wanda shi ne alƙali idan gardama ta tashi. Mujallun likitanci da dama suna bin na ƙungiyar likitocin Amurka, AMA Manual of Style, wanda bugu na 11 ya fito a 2020. Wasu suna bin Chicago Manual of Style, da aka fara bugawa a 1906. Masana halayyar ɗan Adam suna da na ƙungiyarsu ta APA, wanda ya faro a 1929 a matsayin 'yar maƙala mai shafi bakwai, yau kuwa littafi ne mai kauri. Bayan wannan akwai ƙa'idojin ita mujallar kanta, domin kowace tana da nata zaɓi. Sai kuma wata takarda da mai tacewa ke buɗewa sabuwa ga kowace maƙala, inda take rubuta duk shawarar da ta yanke: wannan kalma da karan ɗori za a rubuta ta, wannan taƙaitaccen suna an warware shi a shafi na biyu, wannan magani da sunansa na asali za a kira shi, ba da sunan kamfani ba. Ba ta yarda da ƙwaƙwalwarta a kan irin wannan, domin abin da ta yanke a shafi na biyu dole ta same shi haka a shafi na goma sha huɗu. A kwamfuta kuma takan kunna bin sawun gyara, yadda duk baƙin da ta cire ko ta ƙara zai fito da launi, marubuci ya gani da idonsa. Ba ta gyara a ɓoye.

Karatun farko ba ta taɓa komai. Takan karanta daga take har zuwa manazarta hannunta a gefe, don ta san inda rubutun ya dosa. Wanda ya fara gyara daga layin farko yakan gyara abin da shafi na biyar zai bayyana masa cewa daidai yake.

A wannan karatu ne take duba ƙashin bayan maƙalar. Maƙalar bincike ta yau sassa huɗu gare ta: gabatarwa, hanyoyin bincike, sakamako, da tattaunawa. Masanin ƙididdigar lafiya ɗan Ingila, Austin Bradford Hill, ya nuna a 1965 cewa tambayoyi huɗu ne ke bayansu: me ya sa ka fara, me ka yi, me ka samu, kuma mece ce ma'anarsa. Da can ba haka abin yake ba. Lokacin da Henry Oldenburg ya fara fitar da Philosophical Transactions a Landan a 1665, yawancin abin da ke ciki wasiƙu ne da labarin abin da mutum ya gani, yadda ya ga dama ya tsara. Har a 1953, maƙalar Watson da Crick a kan siffar DNA da ta fito a Nature ba ta da waɗannan kanun ko ɗaya, kuma da kaɗan ta wuce shafi guda. Sai wajen shekarun 1970 tsarin ya kankama a mujallun likitanci. Amfaninsa a fili yake: likitan da ke da minti goma ya san inda zai sa yatsa ya sami adadin marasa lafiya, ya san inda zai sami ra'ayin marubuta, kuma ba zai rikita ɗaya da ɗaya ba. Saboda haka idan mai tacewa ta tarar da jimla a sashen sakamako tana cewa wannan ya nuna maganin ya dace da yara, takan yi mata alama ta koma sashen tattaunawa, domin ra'ayi ce, ba awo ba. Har lokacin aikatau tana lura da shi. Abin da aka yi a ɗakin gwaji da abin da aka samu, da shuɗaɗɗen lokaci ake faɗarsu, don sun faru sau ɗaya a wuri ɗaya. Abin da duniya ta riga ta tabbatar, kamar cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓi, shi ake faɗa da lokaci mai ci.

Sashen hanyoyin bincike takan karanta shi kamar ita za a ce ta je ta maimaita gobe da safe. An ce an ajiye jini a wuri mai sanyi; sanyin nawa? An ce an juya shi a na'ura; tsawon minti nawa, da wane ƙarfi? Wace na'ura ce, wane kamfani ya ƙera ta? Idan da mutane aka yi binciken, ina jimlar da ke nuna kwamitin ɗa'a ya amince, kuma waɗanda aka gwada sun yarda, ko iyayensu in yara ne? Idan gwajin magani ne, ina lambar rajistarsa? Tun 2005 manyan mujallun likitanci ba sa karɓar gwajin da ba a yi masa rajista a bainar jama'a tun kafin a fara ɗibar marasa lafiya ba, don kada mai bincike ya ga sakamako sannan ya sake tambayar da ya ce yana nema.

Sai alƙaluma, kuma nan ne na fi jin daɗin kallon wannan aiki. A ce maƙalar a kan maganin zazzaɓin cizon sauro ce. Tsakure, wato ɗan taƙaitawar da ke gaban maƙala, ya ce yara 120 aka gwada. Mai tacewa ba ta wuce wannan lamba haka nan. Takan rubuta ta a gefe, ta tafi jadawali na ɗaya. Rukunin farko yara 60, na biyu 58. Ta haɗa: 118. Biyu sun ɓace. Ta koma zanen da ke nuna tafiyar marasa lafiya daga farkon gwaji zuwa ƙarshensa, irin wanda ƙa'idar CONSORT ta wajabta tun 1996, akwati-akwati da kibiyoyi, kowane akwati da adadin waɗanda suka shiga da waɗanda suka fita da dalilin fitarsu. Idan ta ga yaran biyu a nan, an ce iyayensu sun ƙaura, to magana ta daidaita, saura a gyara tsakure. Idan ba ta gan su ba, ba ta share 120 ta rubuta 118. Ba ta san wanne ne gaskiya ba, kuma ba aikinta ba ne ta ƙaga. Sai ta ci gaba da bibiya. An ce yara 7 sun yi amai, kashi 5.8 cikin 100. Ta ɗauki kalkuleta. Bakwai cikin 120 shi ke ba da 5.8, bakwai cikin 118 kuwa 5.9 ne. Wannan ɗan bambanci ya gaya mata da wace lamba marubutan suka yi lissafi, kuma ya gaya mata cewa sauran kasonnin da ke maƙalar duk sai an sake auna su. Daga nan ta rubuta tambaya a gefen shafi, mai lamba, gajera, ba zargi a cikinta: tsakure ya ce 120, jadawali na ɗaya ya ba da 118, don Allah a tabbatar da wanda yake daidai, a kuma duba kason da ke sakin layi na uku. Yaran nan biyu wataƙila kuskuren buga lamba ne. Wataƙila kuma su ne waɗanda maganin ya fi wahalar da su har aka dakatar da shi, wato su ne labarin da likita ya fi bukatar ji.

Akwai wata lamba da masu bincike ke kira P, wadda ke nuna yadda zai yi sauƙi ko wuya a ga irin wannan sakamako da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa tsakanin rukunan. Manhajar lissafi takan fitar da ita wani lokaci a matsayin 0.000, mai gaggawa kuma ya kwafe haka. Mai tacewa ta san ba ta taɓa zama sifili, manhajar ce ta gajarce ta, sai ta mayar da ita ƙasa da 0.001. Idan ta ga lamba da alamar ± a bayanta, takan tambaya me lambar ta biyu ke nufi: bazuwar awon tsakanin mutane, ko kuskuren da ke tattare da matsakaicin? Na biyun kullum ya fi ƙanƙanta, don haka yakan sa sakamako ya yi kyau a ido, mai karatu kuwa ba shi da yadda zai bambance su sai an gaya masa.

Ma'aunai suna da tasu doka, wadda ta fito daga tsarin SI da ƙasashe suka amince da shi a 1960, ofishinsa kuma yana Sèvres, kusa da Paris. Tsakanin lamba da alamar ma'auni ana barin fili, 5 mg, kuma mai tacewa takan sa irin filin da ba ya tsinkewa, don kada 5 ta zauna a ƙarshen layi, mg ta faɗa layi na gaba. Alamar ba ta ɗaukar jam'i, ba ta ɗaukar aya. Babban baƙi da ƙarami ba ado ba ne a nan: mW da MW duka awon ƙarfin lantarki ne, amma na biyun ya ninka na farkon sau biliyan ɗaya. Wadda ta fi ba ta tsoro ita ce alamar µ, baƙin Girkanci mai nufin ɗaya cikin miliyan. A tsofaffin fayiloli, idan aka sauya nau'in rubutu, wannan baƙi yakan rikiɗe ya koma m ba tare da kowa ya taɓa shi ba, sai µg ya zama mg, awon magani ya ninku sau dubu. Saboda haka takan sa kwamfuta ta nemo mata kowane mg da ke cikin maƙalar, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana gwada su da ainihin abin da marubuta suka aiko. A kan awon magani kuma ba ta barin ɗigo ya tsaya shi kaɗai a gaban lamba. Za ta rubuta 0.5, domin ɗigon .5 yana iya dushewa a takarda a karanta biyar. Kuma za ta cire sifilin 1.0 in awon magani ne, domin kada a karanta goma.

Wannan batu na ɗigo ya shafe mu kai tsaye. Mai bincike a Kano idan ya rubuta 1,500 yana nufin dubu da ɗari biyar. Takwaransa a Maraɗi ko Yamai, da ya yi karatu da Faransanci, idan ya rubuta haka yana nufin ɗaya da rabi. Hukumar ma'aunai ta duniya ta yarda da ɗigo da waƙafi duka a matsayin alamar gutsuren lamba, shi ya sa ta ce a raba dubbai da ɗan siririn fili kawai. Editan da maƙala ta zo masa daga marubutan ƙasashen biyu dole ya zauna ya tantance wane hannu ne ya cika wane jadawali. Haka awon sukari a jini: wani asibiti yana ba da shi da mg/dL, wani da mmol/L, kuma 126 a na farko shi ne 7.0 a na biyu. Mujalla mai kula takan sa hanyar juyawa a inda awon ya fara fitowa.

Sunayen halittu kuwa da Latin ake rubuta su, kalma biyu, bisa tsarin da Carl Linnaeus ɗan Suwidin ya kafa wa tsirrai a 1753. Bishiyar da wani gari ke kira darbejiya, wani dogon yaro, wani bedi, wani maina, a mujalla suna ɗaya gare ta, Azadirachta indica. Da rubutun tsutsa ake buga shi, wato mai ɗan kishingiɗa, kalmar farko da babban baƙi, ta biyu da ƙarami. A karon farko a rubuta shi cikakke, daga nan a gajarta: Plasmodium falciparum ya koma P. falciparum. Amma idan maƙalar noma tana maganar dawa, Sorghum bicolor, da kuma ƙudujin da ke shanye ta, Striga hermonthica, ga S biyu sun haɗu, sai mai tacewa ta duba ko gajartawar za ta rikita mai karatu, in za ta rikita a bar su cikakku. Ƙwayoyin gado ma haka. Wadda ke da alhakin cutar sikila sunanta HBB, da manyan baƙaƙe a kishingiɗe in ta ɗan Adam ce. Idan furotin ɗin da take samarwa ake nufi, sai a miƙar da rubutun. Kishingiɗar baƙi kaɗai ta raba umarni, wato ƙwayar gado, da abin da umarnin ya haifar.

A nan kwamfuta ta taɓa yin ɓarna mai yawa. Manhajar Excel idan ta ga sunan ƙwayar gado irin SEPT2 ko MARCH1, takan ɗauka kwanan wata ne, ta mayar da shi 2 ga Satumba ko 1 ga Maris, ba tare da ta tambayi kowa ba. Wani bincike da ya fito a mujallar Genome Biology a 2016 ya gano cewa kusan ɗaya cikin biyar na maƙalolin da suka rataya jerin ƙwayoyin gado a fayil ɗin Excel suna ɗauke da wannan kuskure. Har ta kai a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sake wa waɗanda abin ya shafa sunaye, MARCH1 ta koma MARCHF1. Kuskure ne da duk wanda ya buɗe fayil ɗin ya gangara da ido zai gani. Ya yawaita ne don rataye wuri ne da kowa ke zaton wani ya riga ya duba.

Jadawali sai ya iya tsayuwa da ƙafarsa. Mai tacewa takan rufe sauran maƙalar ta dube shi shi kaɗai: an gane me aka auna, a kan su wa, da wane ma'auni? Takensa a sama yake zama, bayanin hoto kuwa a ƙasa. Layuka uku na kwance sun isa, na tsaye ba a bukatarsu, kuma lambobi su jeru ɗigo ƙarƙashin ɗigo don ido ya gane babba da ƙarami tun kafin ya karanta. Gurbin da aka bari fayau tambaya ce: sifili aka samu, ko ba a auna ba? Hoton da aka ɗauka ta madubin hangen ƙananan halittu dole a ja masa ɗan layin awo a kusurwa, domin cewa an girmama shi sau 400 ba ta da amfani da zarar maɗaba'a ta rage hoton don ya shiga shafi, layin kuwa tare da hoton yake raguwa. Ja da kore ba a son su a zane ɗaya, saboda masu karatun da idonsu ba ya bambance su. Wasu mujallu sun wuce nan. Tun 2002 Journal of Cell Biology ta fara bincikar kowane hoto kafin bugawa, ana ƙara masa haske da duhu a kwamfuta har gurbin da aka yanka aka liƙa ya bayyana. Masaniyar ƙananan halittu Elisabeth Bik ta zauna ta duba maƙaloli fiye da 20,000 da idonta, ta tarar kusan kashi 4 cikin 100 suna da hoton da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba. An buga wannan a 2016.

Manazarta ita ce sashen da marubuta suka fi raina wa hankali, ita ce kuma ta fi cin lokacin mai tacewa. Manyan tsare-tsare biyu ne. Akwai na suna da shekara, wanda ake kira na Harvard, ana kuma danganta shi da masanin dabbobi Edward Laurens Mark da wata maƙalarsa ta 1881. Akwai kuma na lamba, wanda ya samo asali daga taron da wasu editocin mujallun likitanci suka yi a birnin Vancouver na Kanada a 1978, don marubuci ya daina sake tsara manazartarsa duk lokacin da ya sauya mujalla. A wannan tsari madogarar da aka fara ambata ita ce 1, mai bi mata 2, haka har ƙarshe. Sai ka ga wahalar: idan marubuci ya ɗauke sakin layi daga shafi na shida ya kai na uku lokacin gyara, lambobi sun hargitse. Mai tacewa takan bi su sau biyu. Daga cikin rubutu zuwa jeri, ta tabbatar kowace lamba tana da gida. Daga jeri zuwa rubutu, ta tabbatar ba wanda ke zaune a jerin ba tare da an kira shi ba. Sannan ta buɗe kowace ɗaya ta gwada sunaye da shekara da kundi da shafi. Yau lambar DOI ta sauƙaƙa wannan, wato lambar dindindin mai farawa da 10 da ake ba kowace maƙala, wadda ko mujalla ta sauya adireshinta na intanet za ta kai ka wurin. Amma sai an latsa ta, domin lamba ɗaya in ta kauce, wata maƙala dabam na iya buɗewa.

Abin da ke faruwa idan ba a buɗe ba, tarihin likitanci ya adana misalinsa. A 1887 wani likita a birnin Prague, Jaroslav Hlava, ya buga bincike a kan ciwon atini da harshen Cek. Taken ya fara da kalmomin O úplavici, ma'ana game da atini. Da aka taƙaita aikin a wata mujallar Jamus, sunan Hlava ya faɗi, taken ya hau gurbinsa. Daga nan masana suka yi ta ambaton wani O. Uplavici a manazartarsu, kowa yana kwafa daga na gabansa, har aka ƙara masa laƙabin dakta. Shekara hamsin ana haka, sai a 1938 Clifford Dobell, wani masani ɗan Ingila, ya nemo ainihin maƙalar ya bayyana cewa ba a taɓa yin wannan mutum ba. Haƙƙin Hlava ne ya salwanta duk tsawon wannan lokaci.

Sunayenmu ma suna bukatar irin wannan kula. Tsarin manazarta yana son sunan iyali ɗaya da baƙaƙen farko na sauran, mu kuwa wani da sunan mahaifi yake rufewa, wani da na kaka, wani da na garinsu, kuma mutum ɗaya yana iya fitowa da siga uku a maƙaloli uku, aikinsa ya rabu kamar na mutum uku. Edita nagari ba ya zato, tambaya yake yi wanne za a sa a gaba. Tun 2012 kuma akwai ORCID, lamba mai gurbi 16 da kowane mai bincike zai iya karɓa kyauta, ta bi shi duk inda sunansa ya juya.

Sai a ƙarshe take zuwa kan jimloli, kuma a nan ne ake gane gwanaye, domin gwaninta a nan kamewa ce. Yawancin masu rubuta kimiyya da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne. Takan warware musu jimlar da ta harɗe, ta cire maimaici, ta tabbatar kowane taƙaitaccen suna an buɗe shi a inda ya fara fitowa, amma ba ta mayar da muryarsu tata. Kalmomin da take tsayawa a kansu su ne masu ɗaukar nauyin hujja. Binciken da ya lura da mutane kawai, bai raba su rukuni ya gwada ba, iyakarsa ya ce abu kaza yana tafiya tare da abu kaza. Ba shi da ikon cewa shi ya haddasa. Idan ta ga taken maƙala ya faɗi abin da jadawali bai kai ba, ba ta sauyawa da kanta, sai ta nuna wa marubuta da babban edita wurin. Tsakure takan bar shi sai ta gama komai, sannan ta gwada kowace lamba da ke cikinsa da ta cikin maƙalar, domin kalmomin nan wajen 250 su kaɗai mafi yawan mutane za su karanta, musamman inda kuɗin buɗe cikakkiyar maƙala ya fi ƙarfin mai karatu.

Daga hannunta rubutu yake zuwa wurin masu tsara shafi, ya dawo a siffar da za a buga shi, don dubawar ƙarshe. Wanda ya taɓa zama a wurin darasu a tsangaya, ya ga yadda alaramma ke tsayar da mai karanta allo a kan wasali ɗaya, ya san irin idon da ake bukata a nan. Ba ma'ana ake karantawa ba yanzu, siffa ake dubawa: ƙaramin baƙin l bai zama 1 ba, O bai zama sifili ba, alamar ɗebewa ba ta koma karan ɗori ba, ƙaramar lambar da ke saman 10 ba ta sauko ta zauna kusa da ita ba har dubu ya koma ɗari da uku. Wasu sukan karanta jadawali daga ƙasa zuwa sama don kada ido ya riga hankali. Masu aiki da alƙalami a takarda suna da alamominsu na gefen shafi, kuma idan sun soke kalma suka ga ashe daidai take, sai su jera ɗige-ɗige a ƙarƙashinta, alamar a bar ta yadda take. Marubuta kan sami kamar kwana biyu su amsa tambayoyi su mayar, kuma a wannan mataki kuskure kaɗai ake gyarawa, ba a sake rubutu.

Idan duk da haka wani abu ya kuɓuce har aka buga, ba a shiga a goge shi a asirce. Mujalla takan fitar da sanarwar gyara mai tata lambar DOI, ta faɗi shafi da layi da abin da aka rubuta da abin da ya kamata, ta ɗaure ta da ainihin maƙalar yadda duk wanda ya buɗe ɗaya zai ga ɗayar. In kuskuren ya rushe sakamakon gaba ɗaya, sai a janye maƙalar: tana nan a inda take, kowa zai iya karantawa, amma an buga mata hatimin janyewa a shafukanta, tare da bayanin dalili da ranar da aka yanke hukuncin.